Matata Ba'indiya ta zama 'yar Najeriya, amma ta kasa rabuwa da fasfonta na Indiya

Assalamu alaikum. Ni mutumin Kano ne, na yi karatun harhaɗa magunguna a birnin Haidarabad na ƙasar Indiya, a can na haɗu da matata muka yi aure, yau sama da shekara goma ke nan. Muna zaune a Kano da 'ya'yanmu uku, ta iya Hausa ta saba da dangina, babu wanda ya taɓa jin kanmu. Shekara biyu da 'yan watanni da suka wuce aka ba ta takardar zama 'yar Najeriya, ta yi koren fasfo. Fasfonta na Indiya kuma yana nan bai ƙare ba, da shi ma ta je gida bara. Da za ta dawo sai ta nuna tsohon katinta na izinin zama a Najeriya, wanda a lokacin da sauran kwanansa, aka bar ta ta wuce.

Yanzu mahaifiyarta tana fama da ciwon ƙoda, tana so ta je ta yi jinyarta. Wani Ba'indiye da muke harkar magunguna da shi ya ce mini abin da muka yi laifi ne, dole ta kai fasfon ofishin jakadancinsu ta miƙa. Tun da na gaya mata take kuka. Ta ce miƙa fasfon nan daidai yake da ta ce ta yafe iyayenta da ƙasarta, kuma tana tsoron za ta rasa gadonta, domin mahaifinta ya rasu ya bar gida da 'yar gona. 'Yan'uwana kuma sun ce mu yi shiru kawai, ai Najeriya ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu, kuma wancan karon babu abin da ya faru. Ni tsorona kada a kama ta a can. Mu yi shiru ta sake tafiya da shi, ko mu kai kanmu? In mun kai kanmu, ɗaure ta za a yi?

Wani maigida daga Kano

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ba surukarka lafiya, ya sa zakkar jiki ce. Abokin naka gaskiya ya gaya maka, sai dai bai ƙarasa maka zancen ba, kuma abin da ya bari a baya shi ne zai fi sanyaya wa maiɗakinka rai. Shawarar a yi shiru kuwa kada ka ɗauke ta, ko da yake na san da kyakkyawar niyya 'yan'uwanka suka ba ka ita.

Zama 'yar Indiya da take tsoron rasawa ya riga ya faɗi tun ranar da aka yi mata rajistar zama 'yar Najeriya. Indiya ba ta yarda ɗan ƙasarta ya haɗa ta da wata ƙasa ba. Tushen abin yana sashe na 9 na kundin tsarin mulkinta wanda ya fara aiki a 1950, sannan dokar zama ɗan ƙasa ta 1955 ta fayyace shi, ita ma a sashe na 9: duk Ba'indiyen da ya karɓi zama ɗan wata ƙasa da son ransa, ta rajista ko ta wata hanyar, ya tashi daga ɗan Indiya tun daga lokacin. Ba a jiran ya rubuta takarda, ba a jiran wani jami'i ya sa hannu. Fasfon da ke cikin durowarta yau kamar mukullin gidan da aka canza wa kwaɗo ne, yana hannunta, amma a wurin doka ba ya buɗe ko'ina. Dama kuma dokar fasfo ta Indiya ta 1967 ta ce fasfo kayan gwamnati ne, mai riƙe da shi amana aka ba shi. Saboda haka abin da ake nema a wurinta shi ne ta mayar da littafin, a rubuta mata shaidar ta mayar.

Maganar 'yan'uwanka tana da tushe, shi ya sa take ruɗa mutane da yawa. Sashe na 26 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba matar da ta auri ɗan Najeriya damar yin rajistar zama 'yar ƙasa, kuma sashe na 28 bai tilasta wa mutum ya bar ƙasar da ya samu ta haihuwa ba. Shi ya sa da kuka yi ta zirga-zirga a ma'aikatar harkokin cikin gida babu wanda ya ce mata ina fasfonki na Indiya. Najeriya ba ta damu ba. Amma riƙe ƙasa biyu sai ƙasashen biyu sun yarda, kuma ɗaya ta ƙi. Ka ɗauko takardar da aka ba ta, ka duba kwanan watan da ke jikinta. Da wannan ranar Indiya take lissafi, ba da ranar da aka buga koren fasfon ba, kuma duk abin da zan gaya maka a ƙasa daga ita yake farawa.

Wancan karon da ta tsira, katin izinin zama ne ya rufa mata asiri, kuma ka ce a lokacin ne yake da sauran kwana. Ka kwatanta ranar dawowarta a wannan karon. Tana tsaye gaban jami'in shige da fice a filin jirgin Haidarabad ko na Mumbai, tikitinta na Najeriya ne, ya buɗe fasfon Indiya yana juya shafuka yana neman bizar Najeriya ko izinin zama, bai gani ba. Zai ɗago ya tambaye ta da me za ta shiga ƙasar. Ba ta da amsa sai ta fito da koren fasfo, kuma da ta ɗora shi kan teburin nan ta shaida da hannunta cewa baƙuwa ce da ta shigo Indiya ba biza, da fasfon da ba ta da hurumin riƙewa. Daga nan jirgi zai tashi ya bar ta, sai ta koma neman izinin fita a ofishin rajistar baƙi, da tara, da tambayoyi, yara suna Kano suna jiran uwa, ita ma mara lafiyar hankalinta ya tashi. Wannan ita ce kasadar da ake ce muku ku yi, alhali akwai hanyar da ta fi sauƙi ta fi arha.

Batun ɗauri, ka kwantar da hankalinka. Wanda ya kai kansa ofishin jakadanci ya miƙa fasfo, tara ake cinsa idan ya yi amfani da shi bayan ya sauya ƙasa. Ƙa'idar da ofisoshin jakadancin Indiya suka daɗe suna aiki da ita ta yi rangwamen wata uku daga ranar samun sabuwar ƙasa, wanda ya yi tafiya cikin waɗannan watanni ba a cinsa komai. Bayan nan kowace tafiya rupi 10,000 ce, har iyakar rupi 50,000. Wanda ya riƙe fasfon ya haura shekara uku bai miƙa ba akwai wata rupi 10,000 a kansa, wanda kuma ya sabunta shi bayan ya zama ɗan wata ƙasa rupi 25,000. Ana biyan kwatankwacin kuɗin ne a ƙasar da mutum yake, kuma ofishin zai ba ku lissafin ranar. Idan aka auna da wasiƙarka, tafiyar bara ce kawai a kanku, kuma ba ku cika shekara uku ba. Ku yi ƙoƙari kada ku cika.

Inda ɗauri yake shigowa shi ne sabuntawa da ɓoye gaskiya. Dokar 1967 ta ce wanda ba ɗan Indiya ba, ya nemi fasfo ko ya karɓa ta hanyar ɓoye ƙasarsa, hukuncinsa ɗaurin shekara 1 zuwa 5 ne haɗe da tara. Hanyar shiru can take kaiwa, domin wata rana fasfon zai ƙare, kuma takardar sabuntawa tana tambaya ko mutum ya karɓi wata ƙasa. Duk wanda ya zo muku da zancen ya san wani da zai sabunta muku ta bayan fage, ku sallame shi.

Aikin kansa ba shi da wuya, amma akwai wuri ɗaya da mutane ke ɓata. Hanyoyi biyu ne masu kama da juna. Ɗaya ta wanda har yanzu ɗan Indiya ne yake so ya ajiye ƙasar da kansa, galibi saboda ƙasar da zai koma ta ce sai ya ajiye tukuna, wannan tana bi ta ma'aikatar harkokin cikin gida ta Indiya kuma tana ɗaukar lokaci. Ɗayar ta wanda ya riga ya karɓi wata ƙasa ce, kamar maiɗakinka, abin da ya rage masa shi ne miƙa fasfo. Ta biyun ita ce taku. Ana cike takardar a intanet, a shafin Passport Seva na ofisoshin jakadanci, a buga ta a sa hannu, sannan a kai ofishin jakadancin Indiya da ke Abuja. Suna da ƙaramin ofishi a Legas, amma daga Kano Abuja za ku nufa. Ku tafi da fasfon Indiya na asali, da koren fasfo, da takardar zama 'yar Najeriya, da takardar aure, da hotuna, kowace takarda da kwafinta. Idan sunanta ya canza bayan aure, wato sunan da ke fasfon Indiya ya bambanta da na Najeriya, ku haɗa da takardar rantsuwa ta kotu, domin bambancin harafi ɗaya yana iya mayar da mutum gida. Ku kira ofishin kafin ku kama hanya ku ji ranakun karɓar takardu da yadda ake biyan kuɗi.

Idan aka tambaye ta ko ta yi tafiya da fasfon bayan ta zama 'yar Najeriya, ta ce e, ta faɗi lokacin. Tambarin shiga da fita yana jikin littafin, jami'in yana kallonsa kafin ya yi tambayar.

Abin da za a ba ta shi ne takardar da suke kira Surrender Certificate. Ku yi mata kwafi da yawa ku adana ta tare da takardun gida, domin duk wata hulɗa da za ta yi da Indiya nan gaba sai an nemi ganinta. Ka kuma gaya mata wannan, na san zai yi mata daɗi: a al'ada ba a riƙe fasfon. Soke shi ake yi, a buga masa tambarin an soke saboda mai shi ya karɓi wata ƙasa, a mayar mata da kayanta. Hotonta na jiki, sunan mahaifinta da na mahaifiyarta da adireshin gidansu da ke shafin ƙarshe, duk suna nan, za ta ajiye ta nuna wa jikokinta.

Sauran zancen da abokinka bai ƙarasa ba shi ne katin OCI. Tun 2005 Indiya ta fito da shi saboda irin maiɗakinka, mutanen da asalinsu can ne amma sun zama 'yan wasu ƙasashe, a 2015 kuma aka haɗe tsohon katin masu asali da Indiya, wato PIO, cikinsa. Mai wannan kati yana shiga Indiya duk lokacin da ya ga dama har ƙarshen rayuwarsa, ba ya neman biza, ya zauna iya son ransa ba tare da ya je ya yi rajista a ofishin baƙi ba. Yana iya aiki, ya yi kasuwanci, ya buɗe asusun banki, ya sayi gida. Abin da ba shi da shi shi ne jefa ƙuri'a, da tsayawa takara, da aikin gwamnati, da sayen gona. Akwai kuma ayyukan da sai ya nemi izini na musamman, kamar aikin jarida, da bincike na ilimi, da fita wa'azi irin na Tabligh. Ga macen da burinta ta ga mahaifiyarta, ta halarci bikin 'yan'uwa, ta kai yara hutu, babu abin da ya ragu. Sai an miƙa fasfo ake neman katin, kuma kuɗinsa ya daɗe yana dala 275.

Gado kuma yana nan daram. Abin da aka hana mai katin OCI shi ne ya sayi gona da kuɗinsa, amma gadonta halas ne a dokarsu, haka gida. Rabonta na gidan mahaifinta da na gonar ba ya faɗuwa don ta zama 'yar Najeriya. Sharaɗin da ke kan gonar shi ne idan ta tashi sayarwa sai dai ta sayar wa ɗan Indiya mazaunin can. Abin da ma ya fi zama barazana ga gadon shi ne ta je ta sa hannu a takardun fili a matsayin 'yar Indiya alhali ba ita ba ce, domin ranar da aka samu saɓani a cikin dangi wannan ce ƙofar da za a fara shiga ta ita. Idan rabon gadon ya taso ku ɗauki lauya a Haidarabad, kada ku dogara da abin da aka ce an ce.

Akwai tambaya ɗaya da za ka yi mata a natse kafin ku cike takardar katin. Doka ta hana shi ga duk wanda shi kansa, ko iyayensa, ko kakanninsa, ko iyayen kakanninsa suka taɓa zama 'yan Pakistan ko Bangladesh. Gidajen Musulmi da yawa a Indiya sun rabu biyu a 1947, wasu suka ƙetara wasu suka zauna. Kawu ko goggo da suka ƙetara ba sa hana ta, layin da ta fito kai tsaye ake dubawa. Idan akwai wani abu a nan, gara ku sani tun yanzu, sai ta riƙa tafiya da biza.

'Ya'yanku uku 'yan Najeriya ne ta haihuwa, kuma suna da damar samun katin ta wajen mahaifiyarsu. Idan akwai wanda aka taɓa yi wa fasfon Indiya a cikinsu, musamman na farin idan a can aka haife shi, sannan aka yi masa na Najeriya, shi ma a tafi da nasa a miƙa rana ɗaya. Kai ma kana da dama a matsayin miji, muddin auren yana da rajista kuma ya kai shekara biyu. Sai dai ka san wani sharaɗi da ya shafe mu ƙwarai a ƙasar Hausa: katin da mutum ya samu ta dalilin aure ana iya soke shi idan auren ya mutu, ko kuma idan ya ƙara aure alhali na farko yana nan. Wannan naka katin kawai ya shafa, nata da na yara ta jini suka same su.

Ciwon ƙoda ba ya jiran takarda, don haka kada ku tsaya sai katin OCI ya fito, yana ɗaukar makonni. Ku miƙa fasfo, da takardar shaidar ta fito ta nemi biza a koren fasfonta a matsayin mai asali da Indiya da za ta duba mahaifiya. Ku sa 'yan'uwanta su turo wasiƙar asibiti mai ɗauke da sunan mara lafiya da irin ciwon, ku nuna ta tun ranar farko, ku faɗa da baki cewa tafiyar ta gaggawa ce. Ofisoshin jakadanci suna duba irin wannan hali. Kada ta manta da katin rigakafin cutar shawara, Indiya tana nemansa daga duk wanda ya taso daga Najeriya, kuma wanda ba shi da shi ana iya killace shi kwanaki a filin jirgi. Katin OCI kuma ta nema idan ta dawo.

Yanzu kukan nata. Malam, kada ka ce mata ai takarda ce kawai, ko da yake a wurin doka hakan ne. Baiwar Allah nan ta bar garinsu, da harshenta, da abincin da ta tashi da shi, da kabarin mahaifinta, ta biyo ka Kano. Ta karɓi ƙasarka saboda kai da 'ya'yanka, kuma da alama ranar da ta karɓa babu wanda ya zaunar da ita ya gaya mata abin da hakan zai ci mata. Yau ne take jin nauyinsa, a daidai lokacin da uwarta take kwance. Wannan baƙin ciki ne na gaskiya, ka bar ta ta yi shi. Abin da ke kanka shi ne ka ɗauke mata wahalar aikin: kai za ka cike takardu, kai za ka biya kuɗin da tarar ba tare da ka taɓa goranta mata ba, kuma kai za ka raka ta Abuja da ƙafarka, kada ka haɗa ta da direba ko ƙaninka. Ka kuma tare mata bakin dangi, kada wani ya mayar da kukanta abin zance, ko ya ce ai dama zuciyarta ba ta nan.

Idan tana jin kamar ta ci amanar ƙasarta, ka gaya mata gwamnatin Indiya da kanta ta shaida wa majalisar dokoki cewa mutum 225,620 ne suka bar zama 'yan ƙasar a 2022, wasu 216,219 kuma a 2023. Da yawansu suna zuwa gida, suna aika wa iyaye kuɗi, suna aurar da 'ya'yansu a can, katin OCI ma dominsu aka yi shi. Ƙofar komawa kuma ba a toshe take ba. Wanda ya riƙe katin shekara 5, ya zauna a Indiya shekara guda kafin ya nema, doka ta ba shi damar neman zama ɗan ƙasa ta rajista, sai dai a lokacin Najeriya ce zai ajiye. Ba ina ce ta yi hakan ba, amma sanin akwai hanyar yana rage wa mutum jin an rufe shi a waje. Zai kuma yi kyau ta yi magana da mahaifiyarta ko wani babban ɗan'uwanta kafin ranar, ta ji daga bakinsu cewa ba su ɗauki abin a matsayin ta guje su ba.

Idan ta isa can kuma jikin Hajiya ya yi sauƙi, akwai ƙananan abubuwa biyu da za ta gyara. Idan tana da tsohon asusun banki tun na 'yanmatanci, ta je reshen da takardar miƙa fasfo da koren fasfonta a mayar da shi irin asusun mazauna waje wanda suke kira NRO, a nan ne kuɗin haya ko na gado za su riƙa shiga. Idan kuma sunanta yana cikin rajistar masu zaɓe, ta nemi a cire shi, kada ta yi zaɓe da tsohon katin ko da an ce mata babu mai dubawa.